Yaya Cikin Akwatin Iska

Faɗuwar da Yaya ya yi ba ta kai a ba da labarinta ba. Ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko shi daga wurin aiki da azahar, suna isowa unguwar Gidan Dare wata akuya ta yanko titi a guje, mai babur ya danne birki, su biyun suka zube a gefen kwalta. Ƙeyar Yaya ta bugi dakalin wani shago. Ko ɗigon jini bai fita ba. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗan jima a kwance idonsa a buɗe, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya nemi hularsa, har shi ne yake ba mai babur haƙuri. Da ya iso gida da dariya ya ba mu labari, ya ce akuyar ma tsayawa ta yi tana kallonsu kamar su ne suka shiga hanyarta.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Gidanmu na gado yana Ƙofar Marke, bangonsa ɗaya da masallacin unguwa. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, Yaya ne ya zame mini uba. Ma'aikacin gwamnati ne, amma ba da wannan aka san shi ba. Mahaddaci ne, kuma tun yana saurayi shi ke jan baƙi idan Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zauna tafsiri bayan la'asar cikin azumi: shi ya karanto aya da ka, Baffa ya fassara. Yaya ba ya riƙe mus'hafi. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce, tana da sanyi da wani ɗan kaushi a ƙarshenta, matan unguwa sukan sassauta daka idan ya fara. Inna, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yaba shi a gaban mutane ba. "Yayanku" take cewa. Amma da lokacin tafsiri ya yi sai ta jawo tabarmarta gindin bangon da ya raba mu da masallaci, wai can ya fi inuwa.

Ni ina aure a Ƙofar Kware, ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata, kuma kusan kullum in na tashi sai na biya gida. Matar Yaya ce ta fara jana gefe. Ta ce tun ranar nan ba ya barcin kirki, kansa kullum yana sara. Ta ce ya hana a kunna ƙwan ɗakinsa, ya sa an rufe tagar da bargo. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne turare. Yaya mutum ne mai son turare, ko masallaci za shi sai ya shafa. Ta same shi ya juye kusan rabin kwalba a jikinsa, ɗakin ba ya shiguwa, shi kuwa yana shinshina hannunsa yana cewa mai turaren ya cuce shi, ruwa ya sayar masa.

Ni da idona na ga na gaba. 'Yarsa, wadda ba ta fi shekara huɗu ba, ta saki murfin kwano a kan siminti. Yaya ya fito ya daka mata wata tsawa da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, har yarinyar ta saki fitsari a tsaye. Ya tsaya, yana duban 'yar, yana duban hannayensa. Sai ya zauna a bakin rijiya ya rufe fuska. Na matsa na ce, "Yaya, lahiya?" Bai ɗago ba ya ce, "Auta, ba ni na ba. Wallahi ban san wa ay yi wagga tsawa ba."

Muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton kansa. Likitan ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mana, ya ce ba karaya, ba jini, komai yana inda Allah ya ajiye shi. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙonta lokacin buguwar, irin wannan ba ya fita a hoto, kuma mafi yawan mutane sukan warware cikin 'yan makonni in sun huta. Ya ba shi maganin ciwon kai da na barci. Muka dawo da murna. Makonnin suka wuce, watanni suka biyo baya, Yaya na nan yadda yake.

Ciwon da ba a gani shi ya fi ba mutane abin faɗa. Da ƙafa ce ta karye da an ga ɗauri an yi masa sannu. A wurin aiki aka fara cewa ya zama malalaci, don takarda guda sai ya wuni a kanta. A unguwa wasu suka ce sammu ne, murya ce ta jawo masa baki. Wasu suka ce ba akuya ba ce ta gifta ranar nan. Inna ba ta shiga maganganun, amma wata rana ina taya ta tankaɗe ta ce mini a hankali, "Ke Auta, kin ce hoto bai nuna komi ba. To wanga ba ciwon asibiti ba na. Iska ta, ta taɓa yayanku." Baffa ya yi masa ruƙiyya, aka yi rubutu ya sha, aka yi sadaka. Yaya bai ƙi ko ɗaya ba. Duk abin da aka miƙo zai karɓa ya yi godiya, ya koma ɗakinsa mai duhu.

A haka azumi ya zo, cikin tsakiyar bazara, irin zafin nan na Sakkwato da ko ƙadangare ke neman mafaka. Baffa ya ce a bar shi ya huta bana. Yaya ya ce a'a, ai karatu ba a takarda yake ba, a ƙirji yake. Ranar farko ya ja lafiya, sai dai a hankali. Ta biyu ma haka. Bayan an sha 'yan kwanaki, wata la'asar muna tsakar gida, ni ina dama kunu, matarsa tana suyar ƙosai, Inna tana gindin bangonta, muka ji ya ɗauko aya ta cikin lasifika. Ya kai tsakiyarta ya tsaya. Muka ɗauka numfashi yake. Ya koma farkonta, ya zo daidai wurin, ya sake tsayawa. Aya ce da yaran islamiyya ma suka sani. Wani daga cikin sahu ya ɗora masa, ya karɓa, ya ƙara kalma biyu, sai kuma shiru.

Har yau in na rufe ido ina jin shirun nan. Lasifikar a kunne take, ana jin hucin numfashinsa da ƙarar fanka, ana jin wani tsoho yana tari can baya. Duk unguwar tana saurare. Ƙosai ya ƙone a cikin mai, ba wanda ya motsa. Can sai muka ji muryar Baffa ya karanta ayar da kansa ya fassara, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Ba ta sake zama a gindin bangon nan ba.

Yaya ya shigo kafin a tashi. Ya wuce mu ya shige ɗakinsa. Bayan an sha ruwa na kai masa kunu, na same shi zaune a ƙasa ya jingina da gado. Ya ce mini ayar ba ɓacewa ta yi ba. Yana ganinta, kamar mutum a tsallaken gulbi yana ɗago masa hannu, amma babu kwalekwale. Daga ranar aka sa wani ɗalibin Baffa ya riƙa ja, Yaya kuma ya daina fita sai sallah, ita ma a sahun ƙarshe, kusa da ƙofa.

Bayan sallah na raka shi karɓar magani. Muna cikin keke a hanyar dawowa, mai keken ya kunna karatu a wayarsa. Daga kalmar farko na gane: Yaya ne, ɗaukar wani tafsiri na shekarun baya da ta bazu a wayoyin mutane. Na rasa yadda zan ce a kashe. Na saci kallonsa. Ya karkatar da kai yana saurare, fuskarsa ta saki yadda na daɗe ban gani ba. Da aka kai ƙarshen sura sai ya taɓa kafaɗar mai keken ya ce, "Malam, wa ka wanga karatu? Allah ya ba shi murya." Mai keken ya ce wani alaramma ne na nan cikin gari, an ce ma ba shi da lafiya. Yaya ya ce, "Allah ya ba shi lahiya." Na juya fuskata waje har muka iso. Ban faɗa masa ba, ban kuma faɗa wa kowa a gida ba sai bayan shekaru.

Baffa yana da ɗa likita da ke ƙarin karatu a Alƙahira, sa'an Yaya ne, tare suka yi makarantar allo. Shi na kira na zayyana masa komai. Ya ce akwai mutanen da alamun girgizar ƙwaƙwalwa ke maƙale musu har tsawon lokaci, ba hauka ba ne, ba kuma ƙarya suke ba. Ya lissafo abubuwan da ake yi: gyaran barci, motsa jiki kaɗan-kaɗan, atisayen ido da na daidaita tsayuwa, da zama da likitan da ke duba damuwa. Sai ya ce akwai kuma wani abu da ake ta bincike a kansa, amma yana tsoron faɗa mini don kada in ɗora rai. Na ce ya faɗa.

Ya ce wani akwati ne, wani na ƙarfe, wani na gilashi mai kauri, mutum ya shiga ya kwanta a rufe. Sai a matsa iskar ciki ta fi ta waje nauyi, kamar wanda ya nutsa ƙarƙashin ruwa, yana shaƙar iskar oksijin zalla. A irin wannan matsin jini yakan ɗauki oksijin fiye da yadda ya saba, ya kai shi lungunan jiki. An daɗe ana amfani da shi ga masu nutso a teku, da waɗanda hayaƙi mai guba ya shaƙe, da masu gyambon da ya ƙi warkewa. Masu bincike kuma suna gwada ko zai farfaɗo da sassan ƙwaƙwalwar da buguwa ta raunana.

Na shiga karatu a wayata, duk lokacin da na samu sarari tsakanin darasi da darasi. Abin da na tarar bai ba ni ƙasar takawa ba. Wasu masu binciken sun ce waɗanda suka shiga akwatin sun samu sauƙin ciwon kai, barcinsu ya gyaru, tunaninsu ya washe. Wasu kuma sun raba marasa lafiya gida biyu ba tare da sun sani ba: kashi ɗaya aka ba su maganin na gaske, ɗaya kashin aka sa su a akwatin aka ɗan matsa iskar don su ji a kunnensu kawai. Da aka gama sai aka tarar duka ɓangarorin sun ji sauƙi, kusan daidai da juna. Daga nan gardama ta tashi tsakanin masu binciken. Waɗannan suka ce ashe sa rai ne da kulawar da ake ba mutum kullum suke aikin. Waɗancan suka ce a'a, ɗan matsin nan da kuka ɗauka wasa ne shi ma magani ne. Ni da nake koya wa 'yan mata cewa ilimi yana tafiya da hujja, na zauna a ɗakin malamai ina neman wanda zai ce mini e kawai, ko a'a kawai. Ban samu ba.

Na daɗe ina juya maganar kafin in kai ta gida. Na faɗa musu duka, har da gardamar, don ban so in sayar wa Yaya abin da ni kaina ban saya ba. Muna ɗakin Inna, ita da shi da matarsa. Da na gama Inna ta ce, "To. Ni na ce iska ta, kun ce ba ita ba. Yanzu kuma kun ce iska ka maganinai." Rabon da in ji dariyar Yaya har na manta, ranar sai da ya yi, gajeriya, ya kama kansa don ta sa masa sara. Sannan ya tambaye ni, "Auta, ke in ke ta, kina shiga?" Na ce ban sani ba, Yaya. Ya ce, "Ni ina shiga. Ɗakin da nike ciki yanzu ma akwati na."

Dangi suka haɗa hannu, aka samar masa hutu a wurin aiki, ya tafi wurin ɗan Baffa. Ni ban bi shi ba, makaranta tana ciki, ga ƙaramin goyo. Duk abin da na sani game da akwatin nan a bakinsa na ji, ta waya, yawanci da hantsi bayan ya fito.

Ya ce kafin ka shiga sai ka tuɓe kayanka a ba ka riga ta auduga. Ba a shiga da waya, ba agogo, ba a shafa mai, ba a shafa turare, don iskar ciki ko ƙyas ta samu wuta ce. Ko carbinsa ba a bar masa ba. A kwantar da kai a kan wani siririn gado a tura ka ciki, a rufe ƙofa daga wajen kanka. Sai iska ta fara huci, kunnuwa su toshe, ka yi ta haɗiyar yawu har su buɗe. Ta gilashin kana ganin ma'aikaciyar tana kai da kawowa, bakinta yana motsi, ba ka jin komai sai ta ɗauki abin magana. Ya ce ranar farko da aka tura shi, farar riga a jikinsa, hannaye a miƙe, bango kusa da hancinsa, abin da ya faɗo masa shi ne ranar da ya shiga kabarin mahaifinmu ya karɓe shi. Ya yi kalmar shahada. Ya ce bai ji tsoro ba, kawai dai ya gane wurin.

Kusan kullum yake shiga, har makonni da dama. Da farko ba abin da yake ba ni labari sai gajiya da kunne. Can wata rana ya kira ni. Ya ce yana kwance a ciki, ba ya tunanin komai, sai karatu ya taso masa da kansa. Ba shi ya nemo shi ba. Daga farkon wata doguwar sura har ƙarshenta, ba tuntuɓe, kuma ba bakinsa ke yi ba, ji yake kamar wani na kwance a gefensa yana karantawa shi yana bi. Ya ce, "Auta, muryar ga na san ta." Na tuna ranar nan cikin keke. Ya ce da aka sauke iskar aka jawo shi waje, ya zauna a bakin gadon ya nemi surar, sai ya samu farkonta kawai. Sauran ta zauna a ciki.

Haka ya riƙa faruwa, ba kullum ba. Har ya fara ɗokin shiga, yana zuwa kafin lokacinsa. Ɗan Baffa ya ce mini kada in yi saurin fassara abin. Mutumin da ya shekara cikin hayaniya da idon mutane, aka ba shi wurin da ba mai kallonsa, ba mai jiran ya yi kuskure, ba mamaki abin da ke ƙirjinsa ya fito. Mai yiwuwa kuma iskar ce. Ya ce shi likita ne, amma ba zai rantse a kan ko ɗaya ba. Na faɗa wa Inna cewa karatu yana dawo masa a cikin akwatin. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Sannan ta ce, "To su bar shi ya fito da shi mana."

Ya dawo da farkon damina. Ya yi ƙiba kaɗan, idonsa ya daina ƙanƙancewa in ya fito tsakar gida. Da kansa ya cire bargon tagar. Barcinsa ya gyaru, ciwon kan ya koma na lokaci-lokaci, yawanci in ya sha rana ko ya shiga kasuwa. 'Yarsa ta ɗauki kwanaki tana laɓewa bayan uwarta kafin ta yarda ta hau cinyarsa. Ya koma aiki, aka mayar da shi sashen da ba yawan takardu. Ƙanshi kuwa bai dawo daidai ba. Wani abin yana ji, wani ba ya ji, wani kuma ya zo masa a juye. Ranar da aka yi ruwan farko bayan dawowarsa, duk gidan ana shaƙar ƙanshin ƙasa, shi ya ce ƙaurin roba yake ji.

Haddar ta dawo da giɓi. Akwai izufin da suke nan daram, akwai waɗanda in ya shiga sai ya faɗa rami. Ya sa wa kansa tilawa da mus'hafi a buɗe bayan asuba, abin da bai yi ba tun yana yaro. Da azumi ya zagayo Baffa ya aiko a tambaye shi ko zai koma jan baƙi. Yaya ya ce a bar ɗalibin nan ya ci gaba, yana ƙoƙari. Yakan je ya zauna cikin mutane. Matarsa ta ce wani lokaci takan hango shi ta ƙofar masallaci, leɓɓansa suna riga mai jan baƙin, sai kuma su tsaya.

Mutane suka yi ta tambayata ko maganin ya yi. Masu cewa sammu ne suka ce ai tsallake ruwa ya karya shi. Baffa ya ce addu'a ce. Abokan aikina suka ce ga amfanin kimiyya. Ni na san a watannin nan ba akwatin kaɗai ya samu ba. Ɗan Baffa ya sa shi tafiyar ƙafa kowace safiya, ya kai shi wurin masu atisayen ido, ya daidaita masa lokacin kwanciya. Ga kuma lokaci da ya yi ta tafiya, wanda shi ma an ce yana gyara irin wannan. Zare da yawa ne aka tufka wuri guda, ba ni da yadda zan warware in ce wannan ne ya ɗauki nauyin.

Labarin ya kai ƙauyen su Inna. Wata Juma'a wani ɗan'uwanta manomi ya zo, dattijo mai noman shinkafa a fadama. Ɗansa magidanci ya faɗo daga kan amalanke tun bara, shi ma ba jini, shi ma hoto bai nuna komai ba, amma ya kasa tsayawa a rana, in ya sunkuya da fartanya sai ƙasa ta juya masa. Matarsa har ta fara cewa ba shi ne mutumin da ta aura ba. Dattijon ya ji an ce akwai akwatin da ake shiga a warke. Ya zo ya ji daga bakin wanda ya shiga, in gaskiya ne zai rabu da gonarsa ta bakin gulbi.

Na kai musu fura a zaure, na tsaya a soro na biyu ina ji. Yaya ya ce, "Kawu, in na ce maka shi yab ba ni lahiya, na hwaɗi abin da ban sani ba. In na ce ba shi na ba, shi ma ban sani ba. Masu binciken kansu ba su gama ba. Kar ka taɓa gonarka tukuna." Ya ce a kawo ɗan asibitin cikin gari, shi zai raka shi da kansa, akwai abubuwan da za a fara da su a nan. Sannan ya ce, "Amma kahin komi, ka koma ka ce mishi ka yarda da shi. Ka ce mishi ka san ba lalaci na ba." Dattijon ya ce a gaskiya shi da bakinsa ya kira ɗan malalaci, a gaban ƙannensa. Ban ji abin da Yaya ya amsa ba, don muryarsu ta yi ƙasa. Bayan sati biyu suka zo da ɗan, ya kwana a gidanmu, Yaya ya sa aka rufe masa taga.

Shekaru sun ɗan tafi yanzu. Har yau nakan duba ko masu binciken sun daidaita, har yau kowa yana kan bakansa, sai dai ana ta sababbin gwaje-gwaje. Wanda bai san Yaya a da ba zai ce lafiyarsa ƙalau. Yana zuwa aiki, yana zuwa ɗaurin aure da jana'iza, ya ƙara haihuwa. Mu da muka san shi mun san akwai ɗan jinkiri tsakanin tambaya da amsarsa, kamar maganar sai ta biya wani wuri kafin ta iso. Ba ya ba da labari mai tsawo. In taro ya yi hayaniya sai ka neme shi ka rasa.

Kwanan baya na je gida da yamma na same shi a kan dakalin ƙofa yana gyara wa 'yarsa takalmin makaranta. Na zauna gefensa. Muna kallon masu wucewa sai ya ce mini akwai abin da ya daɗe yana so ya tambaye ni, don matarsa in ya tambaya kuka take yi, Inna kuwa ba za ta amsa ba. Ya ce yana tuna abubuwan da ya yi kafin faɗuwar, wuraren da ya je, mutanen da ya sani, amma ba ya tuna yadda yake ji a lokacin. Kamar labarin wani ne aka ba shi ya riƙe.

"Ke kin san shi," ya ce. "Wane irin mutum na?"

Na ce mutumin kirki ne, mai yawan ba'a, ba ya iya wuce yaro bai tsokane shi ba. Na ce yana cin tuwo da zafinsa yana hura yatsu, kuma ya taɓa bina har makaranta da ƙafa cikin ruwan sama don na manta abincina.

Ya saurara har na gama, allurar tana hannunsa. Ya gyaɗa kai.

"Kina kewarshi?"

Na buɗe baki in ce ai ga ka nan. Sai na ga yadda yake dubana, na san ba wannan yake so ba. Na ce e, Yaya, wani lokaci.

Ya ce, "Ni ma."

Aka kira magariba. Ya miƙa wa yarinyar takalminta, ya ce ta gwada ta gani ko ya matse ta.